Amsoshin Tambayoyinku: Lamba 666, BVN da Ranar Dawowar Almasihu

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, salama a gare ku, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan birnin Kano. Wasiƙun da suka shigo mana a wannan mako kusan duk bakinsu ɗaya, wato ƙarshen zamani da littafin Ru'ya ta Yohanna, wanda wasu suka fi sani da Wahayin Yahaya. Baba Fasto na tare da mu. Baba, barka da zuwa.

Fasto: Yauwa 'yata, barka kadai. Ina gaida masu sauraro, na gida da na hanya.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko daga wata 'yar'uwa ce mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Sabon Gari. Ta ce tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 hankalinta bai kwanta ba. Ga kuɗinta a banki, amma ko mudun gero ba ta iya saya sai da kati ko tiransifa. Sai kuma aka yi ta turo mata saƙo ta WhatsApp cewa BVN da NIN, wato lambar tantancewa ta banki da lambar shaidar ɗan ƙasa, su ne alamar dabbar nan mai lamba 666 da littafin Ru'ya ya ce ba mai saye ko sayarwa sai da ita. Ta riga ta yi rajistar duka biyun, an ɗauki zanen yatsunta. Ta ce, "Baba, na karɓi 666 ke nan ban sani ba?"

Fasto: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ba ki karɓi komai ba. Na san wahalar da aka sha a watannin nan, mutum ya wuni a layi ya koma gida hannu wofi, saboda haka ban ga laifin wanda ayar nan ta faɗo masa a rai ba. Amma masu turo saƙon ayoyi biyu kawai suke yankowa daga sura 13, ta 16 da ta 17. Ki koma baya kaɗan ki karanta ta 15, za ki ga maganar sujada ake yi, duk wanda ya ƙi yi wa siffar dabbar sujada a kashe shi. A sura 14 aya 9 ma an haɗa su wuri ɗaya, sujada ga dabbar da karɓar alamarta. Ba a ɗaura wa mutum alamar nan yana barci.

Mu tuna waɗanda aka fara rubuta wa littafin. Yohanna yana tsare a tsibirin Batmusa, yawancin masana sun ce wajen shekara ta 95, zamanin sarki Domishiyan. Ikilisiyoyi bakwai ya aika wa, Afisa, Samirna, Birgamas, Tayatira, Sardisu, Filadalfiya da Lawudikiya, dukansu a yammacin ƙasar Turkiyya ta yau. A garuruwan nan ana gina wa sarkin Roma haikali kamar allah. A Birgamas har an kashe wani mai bi mai suna Antibas, sura 2 ta ambace shi. Wajen shekara ta 112 wani gwamna mai suna Filini ya rubuta wa sarki Tarajan yadda yake gwada waɗanda aka kawo ƙararsu cewa Kirista ne. Za a kawo siffar sarki, mutum ya zuba turare da ruwan inabi a gabanta, ya zagi Almasihu, sai a sake shi. A shekara ta 250 sarki Desiyus ya sa kowa ya yi hadaya ga alloli, a ba shi 'yar takardar shaida da sa hannun jami'ai. An tono irin takardun nan a Masar, suna nan har yau.

To, 'yar'uwa, ranar da kika je rajista me aka tambaye ki? Sunanki, ranar haihuwarki, garinku. Akwai wanda ya ce ki musanci Yesu kafin a ba ki lamba? Yusufu da Maryamu ma sun bi umarnin ƙidayar Kaisar, shi ya kai su Baitalami.

Kuma me ya sa hannu da goshi? Wanda ya san Attaura zai tuna Kubawar Shari'a 6 aya 8, inda aka ce a ɗaura maganar Allah a hannu da goshi, wato ta mallaki aikin mutum da tunaninsa. Dabbar kwaikwayo take yi. A sura 7 da sura 14 bayin Allah ma suna da hatimi a goshinsu, amma ban taɓa jin wanda ya tsaya gaban madubi yana neman nasa ba. Idan hatimin Allah ba tawada ba ne, me zai sa mu ce na dabbar kati ne?

Abin da nake so 'yan kasuwarmu su ji tsoronsa shi ne ranar da ciniki zai ce ka zaɓa. A ce ka je wurin boka a binne maka wani abu a bakin shago, ko ka shiga ƙungiyar asiri don hajarka ta tafi, ko ka yi algus ka rantse da sunan Allah a kai. A nan ne ake sayar da imani don a samu damar saye da sayarwa, kuma wannan ba sai an jira ƙarshen duniya ba.

Mai gabatarwa: Baba, wani ɗan'uwa daga Badawa ya ɗora a kan wannan. Ya ce to ita lambar kanta, 666, ta wane ne? Ya ji an liƙa wa shugabanni daban-daban.

Fasto: Ayar da kanta ta ce lambar mutum ce, mai hankali ya lissafa. A Ibrananci da Helenanci kowane harafi yana da adadinsa, yadda malaman ajami a nan suke rufe waƙa da ramzi, su ɓoye shekarar da aka rubuta ta cikin haruffa. Idan aka rubuta "Neron Kaisar" da haruffan Ibrananci aka haɗa, 666 ake samu. Idan aka cire harafin ƙarshe na Neron, wanda adadinsa 50 ne, sai ya koma 616, kuma akwai tsofaffin kofen littafin da suke ɗauke da 616. Nero shi ne ya ɗora wa Kirista laifin gobarar Roma ta shekara ta 64, ya yi musu kisan gilla. Ni wannan bayanin ya fi kwanta mini. Sura 17 ta ƙara haske da ta ce kawuna bakwai na dabbar tuddai bakwai ne. In na ce maka garin Dala da Goron Dutse ba sai na faɗi suna ba, to haka mutanen wancan zamani suka san birni mai tuddai bakwai, wato Roma.

Ba kowa ne ya tsaya a kan Nero ba. Bishof Iraniyus, wajen shekara ta 180, ya nuna cewa sunaye da yawa suna iya ba da wannan adadi, ya ce gara a yi haƙuri da a yi ta zato. Akwai kuma masu bi da yawa da ke sa ran wani azzalumi na ƙarshe yana tafe, ban raina fahimtarsu ba. Dabbar sura 13 ta haɗa kamannin damisa da beyar da zaki, waɗanda Daniyel ya gani a sura 7 aka ce masa mulkoki ne. Ke nan duk mulkin da ya nemi a ba shi abin da yake na Allah, jinin dabbar nan yana jikinsa.

Sai dai ina roƙonku, a daina liƙa wa mutane lambar nan. Kowane zaɓe sai an ce wane ne magabcin Almasihu. Kalmar nan ma ba ta cikin Ru'ya, a wasiƙun Yohanna take, kuma waɗanda ya kira da ita mutane ne da suka fita daga cikin ikilisiya. A gari irin namu, inda muke cin kasuwa ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, muke zuwa suna da ta'aziyyar juna, harshen da ke mai da mutum dabba ba ya haifar da ɗa mai ido.

Mai gabatarwa: Wata uwa daga Brigade ta ce ta ji mutum 144,000 kaɗai za su shiga sama. Ta ce ita da ba ta yi karatu ba, ina za ta samu wuri?

Fasto: Mama, wuri na nan. A sura 7 Yohanna ya ji adadi, sha biyu sau sha biyu sau dubu, lissafin cikar jama'ar Allah. Da ya ɗaga ido kuwa sai ya ga taron da ba mai iya ƙirgawa, daga kowace al'umma da kabila da harshe. Haka ya faru a sura 5, an ce masa ga Zaki, ya duba ya ga Ɗan Rago, wato Yesu, kamar an yanka shi. Ko wanda ya ɗauki 144,000 a matsayin Isra'ilawa na zahiri ba zai iya share aya ta 9 ta sura 7, mai maganar taron nan, ba. Kuma ba da takardar makaranta aka shiga taron nan ba, an ce sun wanke rigunansu da jinin Ɗan Ragon.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga wani ɗalibi ce a Jami'ar Bayero. Ya ce ga yaƙe-yaƙe ko'ina, ga garkuwa da mutane, ga tsadar rayuwa. Ya ga wani mai wa'azi a intanet ya sa ranar fyaucewa, wato ranar da za a ɗauke masu bi zuwa sama. Yana aji biyu, ya ce zuciyarsa ta karaya, karatun me zai yi in duniya ta zo ƙarshe?

Fasto: Ɗana, wasiƙarka ta fi taɓa ni. Ba kai ne farkon wanda aka karya wa gwiwa haka ba. A Amurka mabiyan William Miller sun jira ranar 22 ga Oktoba 1844, wasu ko amfanin gonarsu ba su girbe ba, gari ya waye ba abin da ya faru. Harold Camping, mai gidan rediyo ne ma, ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka zuba dukiyarsu a allunan talla. Bayan hasarar dukiya, wasu bangaskiyar tasu ce ta tafi, wannan ya fi ciwo.

Ubangiji ya riga ya rufe ƙofar nan. A Matiyu 24 aya 36 ya ce ranar da sa'ar ba wanda ya sani, ko mala'iku, sai Uba kaɗai. A surar nan dai ya ce za a ji labarin yaƙe-yaƙe, kada a firgita, ƙarshen tukuna. Waɗanda suka ji shi da kunnensu, wasunsu sun rayu har shekara ta 70 da sojojin Roma suka rushe Haikalin Urushalima, suka ci gaba da wa'azi da neman abincinsu. A Tasalonika da wasu suka ajiye aiki suna zaman kashe wando, Bulus ya rubuta musu cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci.

Na gaskata Yesu zai dawo, da jiki, kowane ido zai gan shi, kuma ba na so ka cire wannan bege daga zuciyarka. Amma shi da kansa ya ce bawan da ya ji daɗi shi ne wanda maigidansa ya tarar yana kan aikin da aka ba shi. Kai naka aikin yanzu karatu ne. Ka koma aji, ka rubuta jarrabawarka da gaskiya ba satar amsa. Ka samu abokai biyu ko uku ku zauna ku karanta Ru'ya da murya daga sura 1 har 22 a zama ɗaya, don a ji shi haka aka rubuta shi. Ku riƙe biro, duk inda aka yi kira ga jimiri ko aka rera waƙar yabo ku ja layi. Bayan nan ka sake rubuto mini abin da kuka gani.

Mai gabatarwa: Mun gode, Baba. Masu tambaya kan shekara dubu ta sura 20, da yadda ɗarikoki suka bambanta a kanta, ku yi haƙuri, lokaci ya ci mu, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da wasiƙu. Ku huta lafiya.