Ƙauyen da Bournvita ta samo sunanta

To jama'a, wa ya sha Bournvita da safen nan? Na ga hannu biyu uku can baya, saura dai lifton ne ko koko. To sunan nan daga wani ƙauye aka ciro shi, Bournville, mil huɗu kudu da birnin Birmingham a Ingila.

Asali wasu wa da ƙani ne, Richard da George Cadbury, suka gaji masana'antar koko (cocoa, ba kokon gero ba) da cakulan ta babansu a tsakiyar birni, wurin ya musu kaɗan ga hayaƙi ga cunkoso, sai a 1879 suka kwashe nasu ya nasu suka koma ƙauye bakin wani ɗan rafi da ake ce ma Bourn. Ba don shan iska kawai suka je ba fa, 'yan kasuwa ne, akwai layin dogo akwai hanyar ruwa ta kwale-kwalen kaya a wajen. Wannan ville ɗin kuma Faransanci ne suka liƙa, don a lokacin cakulan Faransa ake yayi.

Da farko gida 16 kacal aka yi wa manyan ma'aikata. A 1893 George ya sayi eka 120 ya fara gini da gaske, kowane gida da lambunsa da bishiyoyin marmari, kuma ba ma'aikatan kamfani kaɗai aka ba ba, abin da ya fi burge ni kenan, don in maigidanka shine mai gidan hayarka, ranar da aka sallame ka kun san sauran. A 1900 ya cire ƙauyen daga hannunsa ya danƙa wa kwamitin amintattu. Su 'yan gidan Cadbury Kiristoci ne 'yan ɗariƙar Quaker, ba ruwansu da giya, don haka ba a gina mashaya ko ɗaya ba.

Amma kokon daga ina yake zuwa? Nan ake yinta. Kaso mai yawa daga tsibirin Sao Tome na Turawan Fotugal, inda mutanen da aka kwaso daga Angola ke aikin da bai da maraba da bauta. Labari ya iso musu tun wajen 1901, aka yi ta bincike ana jan ƙafa, sai 1909 suka daina saye, suka karkata Gold Coast, Ghana ta yanzu.

Kamfanin ma ya bar hannun zuriyar, Kraft ta Amurka ta saye shi a 2010. Bournvitan da kuke sha kuma Cadbury Nigeria ke yinta a Ikeja. Akwai mai tambaya? A miƙa mata makirfon.