Dawakan Rosa Bonheur a Niyok

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yau ina gidan tarihi na Metropolitan a birnin Niyok, a gaban wani babban zanen dawaki. Ku yi haƙuri da muryata, a nan ba a ɗaga murya. Bari in ja da baya, kyamarar ba ta cinye zanen duka. Faɗinsa ya haura mita 5, tsayinsa ya kusa mita biyu da rabi.

Kasuwar dawaki ce ta birnin Faris, kuma mace ce ta zana ta da fentin mai: Rosa Bonheur, 'yar Faransa, haifaffiyar 1822. An fara nuna shi a 1853, ya shigo gidan nan a 1887.

Ni a gidan masu doki na tashi, kakana yana da barga, don haka ƙafa na fara dubawa. Ku matso. Kun ga farin dokin nan da ya ɗaga ƙafafun gaba? Ku dubi yadda nauyinsa ya koma kan cinya, jijiya ta miƙe har kofato. Wannan ba a ƙirƙiro shi a ɗaki. Shekara ɗaya da rabi ta yi tana zuwa kasuwar, sau biyu a mako, tana ɗaukar ƙananan zane da fensir. Har mahauta takan je ta ga yadda tsoka ke kwance a kan ƙashi. Kuma sai da ta karɓi takardar izini daga 'yan sanda kafin ta sa wando, don ta yi aikinta cikin maza ba tare da an dame ta ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Sai haske. Ta zuba shi a kan fararen dawakan tsakiya, ta bar itatuwan baya cikin duhu, idonka ba shi da zaɓi sai ya bi garken yana juyawa. A ƙasa kuwa fentin ya yi laushi, ƙura ce ke tashi tana shanye kofatai. In ka daɗe tsaye, kamar za ka ji haniniya.

Mutanen da ke riƙe da ragama ba ta ba su rabin kulawar da ta ba dabbobin ba, wasu fuskokin ma da kyar ake gane su. Ni dai hakan bai dame ni ba ko kaɗan.

Bari waɗannan baƙin su wuce, in kusanto muku da gezar baƙin dokin can.