Amsoshin Tambayoyinku: Wai a ɗaki ɗaya suke rera waƙar?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Wasiƙar farko ta yau daga wata 'yar uwa ce. Ta ce duk sanda ta ji waƙar soyayya ta mawaƙa biyu, namiji ya yi baiti mace ta amsa, sai tsigar jikinta ta tashi. Shin tsaye suke a ɗaki ɗaya suna kallon juna?

To Malama, sau da yawa ko haɗuwa ba sa yi. Furodusa ne ke fara haɗa kiɗan, kuma babban ciwon kansa shi ne inda zai zaunar da muryoyin, don muryar mace ta fi ta namiji tashi. Abin da ya yi mata daidai sai ya shaƙe shi. A ɗaga kiɗan, a sauke, har a samu tsakiya. Sannan ɗaya ya shiga situdiyo ya ɗauki nasa. Ɗayar ƙila sai bayan mako guda, ko ma ta yi nata a wata ƙasa ta turo ta intanet. Tana sanye da lasifikar kunne, muryarsa na mata raɗa, tana lura da inda ya ja numfashi, da inda ya ɗan jinkirta kalma, ita ma ta bi shi a haka. Wannan bin numfashin ne kike ji kamar so.

Dabarar ta daɗe. Tun farkon shekarun 1950 Les Paul da matarsa Mary Ford a Amurka suke ɗora murya kan murya. A 1991 kuwa Natalie Cole ta yi waƙa tare da mahaifinta Nat King Cole, alhali ya rasu tun 1965. Tsohon faifansa aka ɗauko.

Sai wani bawan Allah da ke tambaya: me ya sa sabuwar waƙa ke tuna masa zamanin samartakarsa?

Malam, da gangan ake yi maka haka. Ana kwaikwayon sautin kayan kiɗan wancan lokaci, kamar injin ganga na Roland TR-808 na 1980, da fiyanon lantarki na Yamaha DX7 na 1983. A ƙara amsa-kuwwa, a rage kaifin sautin. Abin dariyar ma, wannan "shhh" ɗin na kaset da Ray Dolby ya kafa kamfani a 1965 don ya kashe shi, yau da kwamfuta ake zuba shi a waƙa.

Inda wasu ke kwafsawa shi ne Auto-Tune, manhajar kwamfuta mai daidaita muryar mawaƙi in ta kauce, wanda ya fito a 1997. In aka cika shi, sai muryoyin su yi santsi kamar na na'ura, ɗan rawar muryar nan da ke sa ka yarda da mawaƙin ta ɓace. Ni dai a kunnena, gara a bar mata kuskurenta.

Bari mu ɗan saurari kiɗa, mu dawo kan wasiƙa ta gaba.