Sakan ɗaya tsakanin mutum biyu: na bi tseren keken Kataloniya daga Monserat zuwa Barselona

Assalamu alaikum jama'a, da fatan ana shan ruwa lafiya. Yau Alhamis, 27 ga Maris, 2025. Wannan gurnanin da kuke ji na jirgin ƙasa ne, irin mai haƙora a tsakiyar layin dogo, wanda ke tasowa daga garin Monistrol ya hau dutsen Monserat. Ku leƙa ta taga ku ga duwatsun can sama yadda suka yi cirko-cirko. Jirgin ya cika maƙil, kusan kowa da tuta ko hular wata ƙungiya, domin yau can sama a kan dutsen nan za a ƙare zango na huɗu na tseren keken da mutanen nan ke kira Volta a Catalunya, wato zagayen Kataloniya, yankin Sifaniya da birnin Barselona yake ciki.

Na san wasunku za su ce, keke kuma? Ka bar ƙwallo a Barselona ka tafi kallon keke? Ku dai biyo ni.

Tseren nan ba na jiya ba ne. A 1911 aka fara shi, wani Sebastià Masdeu ya ci na farko. Ya girmi babban zagayen Sifaniya ma, wanda sai 1935 aka soma shi. Na Faransa da aka fara a 1903 da na Italiya da aka fara a 1909 sun riga shi, amma a ƙasar nan shi ne babba a shekaru. Mako guda ake yi, zango bakwai, galibi kowace rana daga wani gari zuwa wani, duk a cikin yankin Kataloniya ko gefensa. Mariano Cañardo ya ci sau bakwai tsakanin 1928 da 1939, har yau ba wanda ya kamo shi. Eddy Merckx ya ci a 1968, Miguel Indurain ya ci sau uku, bara kuma Tadej Pogacar ya zo ya kwashe zango huɗu cikin bakwai ya tafi abinsa. Bana bai zo ba, kuma in kun tambaye ni, rashin zuwansa ne ya gyara kallon, don in yana nan tun ranar Laraba an san wanda zai ci.

To mun iso. Wancan ginin da ya manne da dutse, gidan ibadar Kiristoci ne, bana yake cika shekara dubu da kafuwa, tun 1025, shi ya sa aka kawo ƙarshen zangon nan. Ni zan ɗan gangara ƙasa, don a bakin layin ƙarshe ba wurin sa ƙafa.

Tunda akwai jira, bari in warware muku yadda ake lissafin abin, don a nan ne mai kallon farko ke rikicewa. Wanda ya riga kowa isowa yau, ya ci zangon yau ne kawai. Wanda zai ɗauki tseren gaba ɗaya shi ne wanda in aka tara lokacinsa na kwana bakwai, nasa ya fi na kowa ƙanƙanta. Mutum na iya cin tseren bai taɓa zuwa na ɗaya ko sau ɗaya ba. Sannan duk waɗanda suka tsallake layi a dunƙule, lokaci ɗaya ake rubuta musu, da na gaban ayari da na can tsakiya. Shi ya sa a ranar da hanya ta miƙe ba tudu, manyan ba sa wahalar da kansu, sai su lafe cikin jama'a su bar masu gudun ƙarshe su yi ta kansu. Akwai kuma ihisani: na ɗaya a zango ana cire masa sakan 10 daga lokacinsa, na biyu 6, na uku 4, a wasu wurare na tsakiyar hanya kuma akwai 3, 2 da 1. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani. Wanda ke kan gaba a jimla shi ke sa rigar jagora, a nan fara ce mai ratsin kore.

Amma abin da ya fi kama ni, wanda kuma saboda shi na ɗauko kyamara, shi ne wannan wasa a ido na mutum ɗaya ne, a gaskiya kuwa na taro ne. Kowace ƙungiya mahaya bakwai take kawowa, kuma a mafi yawansu mutum ɗaya ne aka zo domin shi. Wanda ya yi langa yana yaro ya riga ya san tsarin: akwai ruwa, akwai dawakai, aikin dawakai su kare ruwa har ya je ya sha, ko da su za a kayar. Abokin gabar mai keke na farko iska ce. In kana gudun kilomita 45 a awa, yawancin ƙarfinka a ture iska yake ƙarewa, wanda ya lafe a bayanka kuwa yana samun sauƙin kusan kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka yaran maigida ke jerawa a gabansa suna sha masa iska tun safe. Ɗaya ya ja har ƙafarsa ta mutu, ya kauce gefe, na bayansa ya karɓa. Su ke komawa baya wurin motar ƙungiya su cusa gorunan ruwa a riga su kawo gaba. In tayar maigida ta yi faci a mugun wuri kuma mota ta yi nisa, yaro zai sauka ya miƙa masa nasa keken, shi ya tsaya a bakin hanya yana jira. Akwai wanda zai shekara goma yana wannan aiki, albashinsa na shiga, ana girmama shi a cikin sana'a, amma bai taɓa ɗaga hannu a layi ba.

Kun ji jirgi mai saukar ungulu? In kuka ji shi, sun kusa. Ga baburan 'yan sandan yankin, Mossos d'Esquadra, suna share hanya. Ga masu ɗaukar hoto a bayan babura. Ku duba, ba shinge a wannan wurin, ba tikiti, ba ƙofa. Ko sisi ban biya ba, kuma in na miƙa hannu zan taɓa kafaɗar mutum, abin da ba zan yi ba, don wani irin ganganci na 'yan kallo ya sha kayar da mahaya.

Ga su nan! Ga su nan! Mutum biyu a gaba. Mai farar rigar jagora shi ne Juan Ayuso, ɗan shekara 22, a Barselona aka haife shi, shi ya sa kuke jin ihu kamar dutsen zai tsage. Wanda ya manne masa a baya Primoz Roglic ne, ɗan Sulobeniya, shekararsa 35. Ku dubi fuskarsa, kamar ba shi ke hawan ba.

Shi ke nan, sun wuce. Awa nawa na jira, kallon bai kai minti ɗaya ba. Wannan shi ne aibin kallon keke a kan dutse, ba zan ɓoye muku ba. Wanda ke gida gaban talabijin ya fi ni sanin abin da ke faruwa. Sauran a waya zan gani. To, Roglic ya riga shi tsallake layi. Jiya a La Molina, can cikin duwatsun Firenis, bayan tafiyar fiye da kilomita 200, Ayuso ne ya riga shi da tazarar da sai da aka duba hoto. Yau an rama. Yanzu lokacinsu ya zo daidai, sai aka duba matsayin da kowa ya zo a zangunan baya, riga ta koma wuyan Roglic.

Kada ku tafi, ni waɗannan na baya nake so ku gani. Jama'a sun fara watsewa, amma ga su nan suna tahowa uku-uku, biyar-biyar, riga a buɗe, baki a hangame. Waɗannan ne suka yi aikin tun safe. Can baya kuma ga wani babban gungu, su ne masu nauyin jiki da tudu ba nasu ba ne, sukan haɗu su tafi tare, don akwai wa'adi: in ka makara fiye da wani kaso na lokacin wanda ya ci, an cire ka daga tseren, gobe ba ka hawa. A bayan kowa akwai motar tsintsiya, mai kwashe wanda ya sare. Wancan ya jefa wa wani yaro gorar ruwansa, ku ga murna. Ni kuwa mai azumi, kallon gorar kawai na yi na haɗiye yawu. Mutanen nan a kan keke suke ci suke sha, ana rataya musu jakar abinci suna gudu, domin in sukarin jiki ya ƙare a tsakiyar tudu, ƙafa tsayawa take yi ko kai waye.

Jama'a barkanmu da Lahadi, 30 ga Maris, na gida kuma barka da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Muna kan tudun Monjuwik a cikin Barselona, ranar ƙarshe. Wancan filin wasan shi ne na Olamfik ɗin 1992, inda Barça ke wasa a kakar 2024/25 saboda gyaran Camp Nou, yau ma da yamma za ta kara da Girona a nan. Sai ka ga mai rigar Barça da mai rigar keke a kan benci ɗaya, kowa da abin da ya kawo shi.

Ga inda aka kwana. Jiya iska ta yi ƙarfi har aka gutsure zangon. Ayuso kuma, da irin ihisanin nan na tsakiyar hanya da na gaya muku, ya ƙwato rigarsa. Tazarar da ke tsakaninsu yau da safe sakan ɗaya ce. An yi kwana shida, an bi bakin teku tun daga Sant Feliu de Guíxols, an hau duwatsu, an sauka, sakan ɗaya tak. Abin da ya sa nake fifita tseren mako ɗaya ke nan a kan manyan na mako uku: ba ranar hutu, ba wurin cewa gobe na gyara.

Daɗin Monjuwik shi ne zagaye ake yi, sau shida za su hau tudun nan su sauka, don haka yau za mu rama asarar Monserat. Kafin su iso, ɗazu na zaga wajen motocin ƙungiyoyi na ɗauko muku kekunan. Doka ta hana keken tsere ya gaza kilo 6.8, kuma irin waɗannan in za ka saya a shago sai ka ajiye fiye da Yuro 10,000. Giyar keken ma da batir ake canza ta. Kowane mahayi da rediyo a kunne, kocinsa na mota yana gaya masa tazara da inda iska ke kaɗawa. Masu tambayata ko akwai 'yan Afirka a sana'ar: akwai. Biniam Girmay na Iritiriya ya ci zango uku a zagayen Faransa na 2024 ya tafi da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki, kuma a watan Satumba na 2025 a Kigali za a yi gasar keke ta duniya, karon farko a nahiyar.

Sun shigo zagaye. Ku lura da yadda ayarin ke raguwa duk hawa ɗaya. Ɗazu tuli ne, yanzu ya zama zare. Ku kalli waɗanda ke jan gaba, ku ƙirga rigunan da suka yi kama; da haka ake gane ƙungiyar da ke shirya wani abu.

Kai! Roglic ya tafi! Saura kusan kilomita 20, ya miƙe tsaye a kan feda a wurin da tudun ya fi tsauri, ya bar su. Na ɗauka zai jira hawan ƙarshe ne ya nemi sakan 10 na layi, domin da haka aka san shi, mutum ne mai jira. Yau bai jira ba. Wannan mutumin fa asalinsa ba ɗan keke ba ne, tsallen kan ƙanƙara yake yi yana saurayi, sai da ya haura shekara ashirin ya koma keke, kuma ya ci zagayen Sifaniya sau huɗu, na Italiya sau ɗaya a 2023.

Yanzu ku ga abin da nake faɗa tun ranar Alhamis. A bayansa mutum da yawa ne, shi kuma shi kaɗai yake shan iska. A lissafi ya kamata su kamo shi. Amma wa zai ja? Duk wanda ya ja, ya ɗauko abokin hamayyarsa a bayansa kyauta. Kowa na kallon Ayuso, tunda rigarsa ce ke tafiya, shi ya kamata ya biya. A gangara kuma mutum ɗaya ya fi taro saurin shan kwana. Ga shi ya sake wucewa, kai a sunkuye. Ina ƙirga tazarar da bakina, ta fi ta ɗazu. Dattijon da ke kusa da ni, mai tutar Kataloniya, ya daina ihu, sai girgiza kai yake yi.

An gama. Roglic ya ci zangon, ya ci tseren, karo na biyu ke nan bayan na 2023, lokacin da ya doke Remco Evenepoel da sakan 6. Bana tazarar ta tsaya a sakan 28 tsakaninsa da Ayuso, Enric Mas ya zo na uku. Har yanzu akwai masu shigowa, ga wani ɗan ƙungiyar Roglic can ya jingina da shinge yana dariya ana zuba masa ruwa a ka, sunansa ba zai fito a kanun labarai ba gobe.

Masu kwance shinge sun fara aiki, 'yan ƙwallo kuma sun fara hawowa, gara in gangara kafin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta toshe. A watan Yulin 2026 daga garin nan za a tashi zagayen Faransa, kuma za su hau wannan tudun. In da rai da lafiya zan zo da wuri in kama wuri a wancan lanƙwasar ta sama, ta fi nan kyan ɗauka. A gaida mutanen gida, a ci Sallah lafiya.