Shinkafar da doka ta hana a girbe ta da inji a Minnesota

Assalamu alaikum masu kallo. Yau mun nufi can arewacin Amurka, jihar Minnesota da ke kan iyaka da Kanada. Jiha ce mai tafkuna fiye da dubu goma, kuma daga ɗaya daga cikinsu, tafkin Itasca, kogin Misisipi ya samo asali. A bakin waɗannan tafkuna, inda ruwa ba shi da zurfi, akwai wata shinkafa da ke fitowa da kanta duk shekara, babu mai shuka ta, babu mai yi mata noma. Ƙabilar Ojibwe, waɗanda suke nan tun kafin Turawa su iso, suna kiranta manoomin. Masana tsirrai sun ce ba irin shinkafarmu ba ce, danginta ce ta nesa: ƙwayarta doguwa ce siririya, launinta kuma duhu-duhu.

A tarihin da Ojibwe ke bayarwa da baki, kakanninsu sun taso ne daga gabas, wajen bakin teku, da umarnin su yi ta tafiya yamma har sai sun tarar da inda abinci ke tsirowa a kan ruwa. Da suka iso nan suka gan ta, sai suka yada zango.

To, ku kalli yadda ake girbin. Wajen ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, mutum biyu za su shiga ƙaramin kwalekwale. Da yawansu sai sun fara zuba ɗan ganyen taba a ruwa don godiya. Ɗaya yana tsaye da doguwar gora mai baki biyu yana tura kwalekwalen, don kada ya tumɓuke saiwa. Ɗayan yana zaune da sanduna biyu marasa nauyi. Da ɗaya zai lanƙwaso karan zuwa cikin kwalekwale, da ɗayar ya ɗan buga zangarniyar a hankali. Wadda ta nuna ta zubo, ɗanya ta zauna a kanta, bayan 'yan kwanaki a dawo mata. Wani kaso mai yawa kuwa cikin ruwa yake faɗawa.

Manomi zai ga wannan ya ce asara ake tafkawa. Amma wadda ta faɗa ruwan ita ce irin baɗi, domin tsiron shekara guda yake yi ya mutu. Ƙwayar za ta kwanta cikin laka, ta sha sanyin hunturu a ƙarƙashin ƙanƙara, bazara ta yi ta tsiro. Inji da zai kwashe komai tas, tafkin zai kashe. Shi ya sa hukumar jihar ta ɗauki dabarar mutanen da ta mayar da ita doka: kwalekwale kada ya wuce ƙafa 18, kowace sanda kada ta wuce inci 30, girbi daga ƙarfe 9 na safe zuwa 3 na yamma, kuma laifi ne a taɓa wadda ba ta nuna ba. A ganina wannan ya fi kowane ɗakin adana kayan tarihi amfani, tunda al'adar tana nan ana yin ta da hannu.

In an fito da ita sai a shanya, a gasa ta a babbar tukunyar ƙarfe ana juyawa kada ta ƙone. Sannan a zuba ta a ɗan rami, wani ya sa takalmin fata mai tsabta ya riƙa takawa yana murzawa kamar mai rawa, har ƙaiƙayin ya saki. Daga nan sai shiƙa, a faifan ɓawon itace, kamar dai yadda iyayenmu mata ke yi wa gero.

Haƙƙin girbin ma da gumi aka riƙe shi. A yarjejeniyar 1837 Ojibwe sun bar wa gwamnatin Amurka ƙasa mai faɗi, da sharaɗin za su ci gaba da farauta da kamun kifi da ɗiban shinkafa a cikinta. An daɗe ana take sharaɗin, sai a 1999 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar cewa yana nan daram.

A 1977 jihar ta ayyana ta a matsayin hatsinta na hukuma. Sai dai mafi yawan wadda ake sayarwa a kantuna yanzu ta gona ce, wadda aka sauya irinta don kada ta zube kafin inji ya zo, har a Kaliforniya ana noma ta. Ta tafki ta fi tsada, ta kuma fi saurin dahuwa.

Babbar barazanarta gurɓatar ruwa ce, musamman sinadarin salfet da ke fitowa daga wuraren haƙar tama. Tun 1973 jihar ta ƙayyade miligiram 10 a kowace lita a ruwan da take tsirowa, kuma har yau ana ja-in-ja kan aiwatar da hakan. A 2018 al'ummar White Earth, wani reshe na Ojibwe, suka kafa dokar da ta ba shinkafar kanta haƙƙin rayuwa. A 2021 aka shigar da ƙara da sunanta a kotun ƙabilar kan wani bututun mai, amma a 2022 kotun ɗaukaka ƙararsu ta kori shari'ar, ta ce ba ta da hurumi.