Amsoshin Tambayoyinku: Baba Fasto, sojan da ya ajiye bindiga ya ɗauki alli

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu biyu muka ware wa shirin yau, kuma kamar an haɗa baki, dukkansu a kan tsofaffin sojojin Faransa suke.

Ta farko daga wata Hajiya ce mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru. Ta ce an haife ta a wani ƙauye kusa da Yagwa, inda mahaifinta ke da shago, gidansu kuma katanga ɗaya da na wani dattijo da kowa ke kira Baba Fasto. Kwanan baya aka aiko mata cewa ya rasu, shekarunsa wajen ɗari. Ga yadda ta rubuto: "Mu Musulmi ne, shi Kirista, amma duk wasiƙar da ta zo gidanmu da Faransanci shi ke karanta wa Baba, shi ke rubuta amsa. Yana da wata tsohuwar kwat ta kaki mai lambobin girma biyu, ba ya fito da ita sai ranar biki. Yakan ce shi da Leclerc suka ratsa hamada har Libiya, mu yara mu yi ta dariya, mu ce tatsuniya ce. Yanzu abin ya tsaya mini a rai. Shin an yi haka kuwa? Kuma yaya aka yi soja ya zama malamin lakwal, har ya zama fasto?"

To Hajiya, da farko muna yi miki ta'aziyyar maƙwabci, Allah Ya ba iyalansa haƙuri. Batun hamada kuwa, an yi shi.

A watan Yunin 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi. Janar de Gaulle ya tsallaka Landan yana kiran a ci gaba da faɗa, ga baki amma ba ƙasa ba mayaƙa. A Afirka, wanda ya fara amsa masa shi ne gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan Guyana ta Faransa, ranar 26 ga Agusta 1940. Washegari Leclerc, wani hafsan sojan Faransa mai bin de Gaulle, wanda ya shigo Duala da dare cikin kwalekwale da mutum ashirin da 'yan kai, ya karɓe Kamaru. Daga nan aka tura shi Fort-Lamy, wato Njamena ta yau.

A farkon 1941 ya tashi daga Faya, a arewacin Chadi, da mutum kimanin 400, kusan 300 daga cikinsu 'yan Afirka, galibi 'yan ƙabilar Sara na kudancin Chadi. Suka nufi Kufra, wani dausayi a kudu maso gabashin Libiya da ke hannun Italiya, tafiyar fiye da kilomita 1,500 daga Fort-Lamy, cikin tsofaffin motocin da ke kafewa a rairayi sai an sauka an tura. Igwa ɗaya tak suka kai wurin. Ranar 1 ga Maris 1941 Italiyawa suka miƙa wuya, washegari Leclerc ya sa aka yi rantsuwa cewa ba za a ajiye makami ba sai tutar Faransa ta hau babban cocin Strasbourg, birnin Faransa da Jamus ta ƙwace. Bayan Kufra aka yi yaƙin Fezzan a kudu maso yammacin Libiya, da 'yan Kamaru a ciki, har suka isa Tripoli a Janairun 1943.

Abin takaicin, Hajiya, 'yan Afirkan da suka yi rantsuwar ba su ne suka cika ta ba. A 1943, da aka mai da rundunar Leclerc ta tankokin yaƙi da kayan Amurka, sai aka fitar da baƙaƙen fata daga cikinta. Ta shiga Paris a Agustan 1944 da Strasbourg a Nuwamba ba tare da su ba.

Sai batun alli da coci. Saurayin da aka ɗauka daga ƙauye, sau da yawa sarkin yanki ne ya nuna shi da yatsa ko da takarda ta ce da son ransa ya shiga, yakan dawo da abin da babu mai shi a garinsu: yana jin Faransanci, yana iya karatu da lissafi, ya san agogo, kuma ya daina jin tsoron Bature tunda ya ga Bature yana gudun harsashi. A lokacin kuwa makarantun boko a arewacin Kamaru ba su taka kara sun karya ba. Turawan mulki suna tafiya da lamidai, wato sarakunan Fulani, ba su son 'yan mishan su taɓa garuruwan Musulmi, don haka mishan ta nufi ƙabilun Masa da Tupuri da Mundang da Gbaya da mutanen duwatsun Mandara. Lutheran na Amurka sun zauna a Lere da Yagwa tun farkon shekarun 1920, na Norway suka iso Ngaundere a 1925, Katolika kuma suka zo da ƙarfinsu a 1946 ƙarƙashin Fada Yves Plumey. Kowace mishan malamai take nema ruwa a jallo, ga tsohon soja zaune.

Ajin nasa rumfar zana ce, yara a kan kututture, allo katako ne da aka shafa wa baƙi. Ƙararrawa kuwa ƙarfen tayar mota ne rataye a bishiyar darbejiya, a buga shi da safe yara su zo karatu, a buga shi ran Lahadi iyayensu su zo sujada. Malamin nan shi ne mai bishara, shi ne mai ba da ƙwayar zazzaɓi, shi ne mai rubuta wa jama'a wasiƙa, kamar yadda ya yi wa mahaifinki. Wanda ya daɗe a haka sai a tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki, shi da matarsa, daga baya a naɗa shi. Da aka shiga shekarun 1960 majami'un nan suka fara cin gashin kansu, dole aka nemi fastoci 'yan ƙasa, kuma har yau ana horar da su a Kaele da Meiganga. Kada ki ɗauka aikin kuɗi ne. Faston ƙauye da gonarsa ta masakwa da 'yar auduga yake ci, baikon jama'a kuma sau tari da kwanon dawa yake zuwa. In aka tambaye ni, cikin ayyukan nan uku na alli ne ya fi barin baya, don da yawa daga ma'aikatan farko na waɗannan ƙabilu a irin rumfar nan suka fara.

Wasiƙa ta biyu daga wani saurayi ce mai tuƙa babur na haya a Kuseri. Ya ce kakansa ya yi yaƙin Indoshin, wato yankin Vietnam, da na Aljeriya, ya rasu, kakarsa tana raye. Yana tambaya me ya sa kuɗin da tsohon ke karɓa ba su da yawa, kuma ko tsohuwa tana da wani haƙƙi.

Malam, dalilin doka ce. Ranar 26 ga Disamba 1959 Faransa ta kafa dokar da ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci, ya tsaya cak yadda yake, na Faransawa kuma ya ci gaba da hawa. Kamaru ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960, sai dokar ta hau kan sojojinta. Haka aka zauna fiye da shekara arba'in. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun ƙararrakin gwamnati ta Faransa ta ce wariya ce, amma shi ya riga ya rasu. Aka yi ɗan gyara a 2002, aka ƙara a 2007, sai ranar 1 ga Janairu 2011 aka daidaita gaba ɗaya, bayan hukuncin kotun tsarin mulki na Mayun 2010. Lokacin nan mafi yawan masu haƙƙin suna ƙasa, kuma wani ɓangare na gyaran sai wanda ya rubuta takarda ya nema.

Game da kakarka, kuɗin iri-iri ne. Akwai ɗan abin da ake ba mai katin tsohon mayaƙi, wannan yana ƙarewa ranar da ya rasu. Akwai kuma fanshon wanda ya cika shekara 15 a soja, da na wanda ya naƙasa a yaƙi, a waɗannan matar mamaci tana iya neman kaso idan auren yana da takarda. Ka binciko littafin sojansa a cikin adaka, da katin, da takardar aure, da ta mutuwa. In littafin ya ɓata ko gara ta ci, takardun sojojin Afirka da suka yi wa Faransa aiki suna ajiye a cibiyar adana bayanan soja da ke garin Pau a Faransa, ana rubuta musu da cikakken suna, shekarar shiga soja da lambarsa in an tuna. Daga nan sai ofishin jakadancin Faransa na ƙasar da tsohuwa ke zaune. Wanda duk ya ce ku ba shi kuɗi ya fito muku da fansho cikin wata guda, ku riƙe kuɗinku.

Nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.