Bishiya Ɗaya, Zane Uku

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? To madalla.

Abu uku zan taɓa: zanen da ba ya kwaikwayon siffar abu, alaƙarsa da halitta, sai batun muhalli. Amma ku fara kallon allon nan tukuna.

Wannan aikin Piet Mondrian ne, mutumin ƙasar Holan, an haife shi 1872, ya rasu a New York 1944. Hoto na farko jar bishiya ce, ya zana ta tsakanin 1908 da 1910. Ga kututture, ga rassa, bayanta shuɗi. Ko yaro ya gani zai ce bishiya ce. Na biyu, 1911, launin ya tafi, sai toka-toka da baƙi, rassan sun bazu sun cika allon har ba ka sanin inda reshe ya ƙare, inda sarari ya fara. Na uku, 1912, itacen tuffa mai fure. Ina itacen? Na ga wata 'yar'uwa tana karkata kai, ko an kafa hoton a kife ne. A'a Hajiya, daidai yake! Layuka ne masu lanƙwasa suna haɗuwa suna rabuwa.

Nan nake so mu daɗe. Mutane sukan ce mai irin wannan zane bai iya ba ne. To wanda ya zana na farkon, bai iya ba? Shekaru ya yi yana kallon bishiyoyi. Kallo, ba leƙe ba. Yana cire ganye, yana cire launi, yana neman abin da ke riƙe da bishiyar: yadda nauyi ke sauka, yadda reshe ke neman haske. Ku sake duba na biyun. Ku sake dubawa. Wallahi duk lokacin da na tsaya gabansa sai in ji kamar iska na motsi a ciki. Dukkan ukun suna gidan adana zane na birnin Hague.

Sai batu na uku, muhalli. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Holan yana ƙasa da matakin teku. A yankin Zeeland, inda Mondrian ya zana tudun rairayi da teku, ambaliyar 1953 ta yi mummunar ɓarna, mutum 1,836 suka rasu a ƙasar. Tekun kuwa ƙara hawa yake.

Na'am, ɗan'uwa? Yana tambaya, mai sare itace ya yi gawayi don ya ciyar da iyali, me zane zai yi masa?

Gaskiyarka, zane ba ya ɗora tukunya. Amma bari in kai ka Maradi. Tun shekarun 1980 manoma a can suka fara duban kututturan da ke gonakinsu da wani ido. Da, duk tohon da ya fito sai a sare a ƙone kafin shuka. Sai suka lura saiwar na da rai a ƙasa. Suka riƙa zaɓar toho mafi ƙarfi, biyu ko uku, su datse sauran, su bar shi ya tashi. Har Damagaram abin ya kai, ana maganar hekta miliyan 5. Gawo kuwa, kun sani, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ga taki. Rassan da aka datse su ake kai wa murhu. Lokaci ya ƙure, masu sauran tambaya mu haɗu bayan sallar la'asar.